Kwamfutar Mai Gadi Ta Riga Ta Surukina

Assalamu alaikum Gwaggo,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, domin in ya ƙare ban samu mafita ba, ko dai in rasa aikina ko in rasa fuskar surukina, kuma ban san wanne ya fi sauƙin haɗiya ba. Na san mutane matsalar aure da ta gado da ta rashin lafiya suke kawo miki, shi ya sa na daɗe ina jin nauyin rubuto tawa. Tawa ta kwamfuta ce. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, za ki ga ta biyo ni har cikin gida.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wata ma'aikata. Gini ne mai hawa-hawa, kwamfutocin sun haura ɗari, kuma ni kaɗai ne a kansu. Mahaifin matata ne ya sama mini aikin. Shi ne ɗaya daga cikin mataimakan darakta biyu, ɓangaren ayyuka yake riƙe da shi, kuma Baba nake ce masa a gida da ofis. Ɗayar kuwa mace ce, ita ke kula da harkar ma'aikata. A bayan idonta Jan Biro ake ce mata, don ba takardar da ke fita daga ofishinta ba ta yi mata jina-jina ba. Har yanzu ba a tabbatar da ni a aiki ba, kuma tabbatarwar a hannunta take. Su biyun nan muƙaminsu ɗaya, ofisoshinsu na kallon juna, girman kujerunsu ɗaya, hatta labulensu kala ɗaya ne, don an ce shekarun baya an taɓa kai ruwa rana a kan labule.

Da na fara aiki, yadda na gada na ci gaba da yi. Duk lokacin da za a saka sabuwar manhaja sai in ɗauki filas ɗina, ɗan abin nan da ake zuba manhaja a ciki a soka wa kwamfuta, in haye can sama, in riƙa bin ofis-ofis ina saukowa. In ƙwanƙwasa, in yi sallama, a ce in ɗan jira ana waya, in jira, a tashi a ba ni kujera, in saka, in zauna ina kallon layin nan na kan allo yana tafiyar hawainiya. Kafin ya cika an miƙo mini wayar hannu in duba me ya hana ta caji, wani ya ce in leƙa firinta, wata ta ce ɗanta na son koyon kwamfuta ko zan ɗauke shi lokacin hutu. Akwai wanda ya taɓa miƙo mini butar dafa shayi, wai ai duk lantarki ne. Kafin in kai hawan ƙasa masu manhajar sun fito da sabuwa, sai in sake hayewa. Gwiwoyina har ƙara suke yi, ga shi ban kai arba'in ba.

Abin da ban sani ba, Gwaggo, ashe farawa daga sama da nake yi saboda sauka ta fi hawa sauƙi, a wurin manya girmamawa ce. Wanda na gada, da zai tafi, ya nuna mini inda makullai suke da inda ake ɓoye abin goge allo, amma wannan bai gaya mini ba. Tsakanin mataimakan biyu ma ban taɓa samun matsala ba a lokacin, domin duk wanda na tarar ƙofarsa a buɗe shi nake fara shiga, ɗayan kuma bai san na shiga ba.

Wata rana ina hutawa a tsakiyar matattakala na ce wa raina, kai fa ba don hawa bene ka yi karatu ba. Tunda duk kwamfutocin a haɗe suke da babbar da ke ɗakina, sai na zauna na rubuta mata umarni layi-layi, abin da 'yan sana'armu ke kira sikirif: je ki wurin ta farko, duba ko tana kunne, saka mata manhajar, tabbatar ta shiga, wuce ta gaba, har ki ƙare. Na gwada a kan tawa, ya yi cif. Ba zan ɓoye miki ba, ranar kaina ya kumbura. Na dawo gida na yi wa matata bayani tiryan-tiryan, ta saurara har ƙarshe tana ninke kaya, ta ce Allah ya sa alheri, ta tambaye ni ko na tuna sayo sabulu.

To ga inda gizo ke saƙar. Kowace kwamfuta tana da lamba, umarnin nawa kuma lamba yake bi. Lambobin nan masu jan waya ne suka bayar tun kafin in zo, su kuma daga inda waya ta shigo ginin suka fara ƙirga, wato bakin ƙofa. Saboda haka ta ɗaya ita ce 'yar tsohuwar kwamfutar da mai gadi ke rubuta sunayen baƙi a ciki, sai ta sito, sai ta ɗakin direbobi, ana hawa har a kai sama. Ni ban ga komai a ciki ba. Lamba ce.

Ranar da na fara sakinsa, da safe, na danna na jingina da kujera ina kurɓar shayi. Baba yana shigowa mai gadi ya tare shi da fara'a yana taya shi murnar sabon abu mai koren tambari da aka saka wa kowa, har ya juyo masa allon ya gani. Baba ya ce madalla, ya wuce. Ya gan shi a hawan farko, ya gan shi a na biyu, ya shiga ofishinsa ya kunna tasa, babu. Ya zauna yana jira. Masinjansa da ya gani a ƙasa ya shigo yana ba da labarin kyawunsa. Ana cikin haka ta Jan Biro ta samu, don lambarta na gaban tasa. Sai ta taso da kanta, ta tsaya a bakin ƙofarsa, ta ce in tasa ta iso ya ga abin ya rikice masa, ya aiko ta zo ta nuna masa, ita ta riga ta saba da shi. Tsakanin samunta da samunsa bai kai a shanye kofin shayi ba, amma ni har yau ban gama shan kashinsa ba.

Baba bai tunkare ni ba, kin san tsakanin surukai. Ya gaya wa Mama, wato surukata, Mama ta kira matata, matata ta jira sai da na sa hannu a abinci. Wannan layin nasu ya fi nawa ƙarfi, ko an ɗauke wuta ba ya yankewa. Saƙon dai shi ne a tambaye ni me ya yi mini. Na fara bayanin lamba da masu jan waya, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Duk faɗin ma'aikatar nan ba ka ga wanda za ka fara da shi ba sai mai gadi? Lamba ce ta ba ka ni?" Abincin ma ban ƙara jin ɗanɗanonsa ba.

Washegari na buɗe umarnin na sake tsara shi bisa girma: kada kowace kwamfuta ta samu sai ta wanda ke sama ta gama. Darakta a farko, kamar yadda ya dace. Na manta da abu ɗaya, Darakta ba ya kunna kwamfutarsa. An lulluɓe ta da ƙyalle mai kyau an ɗora mata hoton jikokinsa, shi duk aikinsa da takarda yake yi da wayar hannu. Umarnina ya je ƙofarsa ya tsaya yana sallama ba amsa, ma'aikata gaba ɗaya ta tsaya a bayansa. 'Yan sashen da ke jiran manhajar don su rufe rahotonsu suka yi dandazo a ƙofata. Na roƙi sakatariyar Darakta ta kunna mini ita, ta ce ba a taɓa kayan teburinsa. Sai da ya fita taro ta yarda, ta ɗaga hoton da hannu biyu, ta yi alama a inda yake don ta mayar da shi daidai. Da aka kunna kwamfutar kuwa, saboda daɗewar da ta yi a kashe, sai ta ce ita fa sai ta gama sabunta kanta tukuna. Yini ta yi tana wannan, jama'a na jiranta.

Duk wannan wasa ne a kan batun wanda zai zo na biyu bayan Darakta. Na sa Baba, don in wanke laifina. Ba a tashi aiki ba Jan Biro ta aiko a kira ni. Ta ba ni kujera, ta tambayi lafiyar iyali, musamman iyayen matata. Fayil ɗina na gabanta, ba ta buɗe shi ba, ba ta ambace shi ba, ta dai ɗora hannu a kai tana juya biron nan. Ta ce ita mamakin ci gaban zamani take yi, ashe yanzu har kwamfuta ta san dangi. Ta sallame ni da murmushi. Na fito gumi na bin bayana, alhali ofishinta ya fi ko'ina sanyi a ginin.

Na ce to a raba gardama, su biyun a sakar musu lokaci ɗaya. Nan ma an gudu ba a tsira ba. Tata sabuwa ce fil, tasa kuwa tsohuwa ce da ya ƙi a canza masa, ya ce ta san hannunsa. Tare za su tashi amma tata ta riga isa. Yanzu ranar saka manhaja kowannensu masinjansa yake tsayarwa a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a baranda, duk wanda tasu ta gama sai ya yi gyaran murya da ƙarfi don na can ya ji. Ma'aikatan hawan har sun fara zaɓar ɓangare. Da na ga haka sai na ƙara wani layi a umarnin, tata ta ɗan dakata kafin ta fara, don su isa tare. Ranar sai layin sadarwa ya yi nauyi a ɓangarenta, tasa ta gama tata ko rabi ba ta kai ba. Ta ce na rage wa kwamfutarta gudu da gangan. Na buɗe baki zan rantse, sai na tuna gaskiya ta faɗa.

Ciwon bai tsaya a sama ba, ya gangaro. Shugabannin sassa suka ce su ma a jera su. Wani dattijo a sashen adana takardu ya zo ya rantse mini cewa shi da maƙwabcin teburinsa rana ɗaya aka ɗauke su aiki, amma shi da safe, wancan da yamma. Mata biyu da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya yanzu kowace da nata. Duk wanda aka yi wa ƙarin girma, kafin ya gaya wa matarsa sai ya biyo ta ɗakina a matsar da shi gaba. Umarnin da na rubuta a shafi ɗaya ya koma kamar tarihin zuriya, kuma aikin da na so ya riƙa ƙarewa kafin shayina ya huce yanzu ya fi cin lokaci a kan zamanin da nake bi da ƙafa. Mai gadi kaɗai ke gaishe ni da daɗi, shi ma yakan tambaya cikin ladabi me ya yi aka mayar da shi baya.

To a ƙarshen watan nan za a canza babbar manhajar da kowa ke aiki da ita, wadda ba yadda za a ɓoye ta, don har kamannin allo za su canza. Jan Biro ta tsayar da ni a matattakala ta ce tana sa ran wannan karon za a yi adalci, kuma ita ma tana da 'yan takardun da take son kammalawa kafin wata ya ƙare. Daga gida kuma Mama ta ce wa matata Baba ba ya neman komai a wurin kowa, shi dai yana kallo.

Gwaggo, duk wanda na ba labarin nan dariya yake yi, ni ma nakan yi wani lokaci. Amma abin yana ci mini rai. Ina ƙaunar dattijon nan. Lokacin da na je neman 'yarsa ba ni da komai sai takardar makaranta, bai tambaye ni me na mallaka ba. Shekara mai zuwa zai yi ritaya. Da, in mun haɗu a baranda yakan tsaya ya tambaye ni gida da aiki, yanzu "lafiya" ɗaya yake ba ni idonsa na kan bango. Matata ta kira shi ya ce yana cikin aiki, ranar hutu. Na same ta a kicin tana share hawaye, ta ce albasa ce, alhali ni na san albasa ta ƙare a gidan.

Wani abokina ɗan sana'a ya ce abin ai mai sauƙi ne: in sa umarnin ya fito wa kowannensu da ɗan saƙo a allo cewa da kwamfutarsa aka fara, in ma na ga dama in fito wa kowa a ginin da shi, kowa ya tashi aiki da farin ciki. Layi biyu ne, na ma rubuta, ban dai sake shi ba. Wani lokaci kuma sai in ji kamar in goge umarnin gaba ɗaya in koma ɗaukar filas, gwiwa ta ƙare in dai za a zauna lafiya. Amma wallahi ina son abin nan da na rubuta, ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Wa zan sa a gaba, Gwaggo? Ki faɗi ɗaya, ko wanne ne, ni dai na gaji.

Ɗanki,
Gaba Kura Baya Sayaki

*

Wa alaikumus salam ɗana,

Na yi dariya, ba zan yi maka ƙarya ba, musamman a wurin masinjoji masu gyaran murya. Da na kai wurin albasa sai na daina. To gyara zama mu yi magana.

Layi biyun nan na abokinka, goge su yau. Mutanen da ke tsayar da masinja ya saurari allon wani, kana tsammanin ba za su gwada saƙon juna ba? Kafin rana ta take duk ginin zai san kowa ne na farko. Yanzu kuskure da son kai ake zarginka da su, ranar nan ƙarya za a kama ka da ita dumu-dumu. Wanda aka damƙa wa makullin kwamfutar kowa kuwa, in aka gano yana iya sa allo ya yi ƙarya, aikinsa ya ƙare ko da babu jan biro a duniya. Filas ɗin ma bar shi a aljihun tebur. Mutum ya sauƙaƙa aikinsa ba laifi ba ne, don haka aka ɗauke ka, kuma ba na son ka yi nadamar iya abin da ka iya.

Ni a kwamfuta ban iya komai ba sai buga wannan filin, shi ya sa na karanta wa matar da ke kula da kwamfutocin jaridarmu wasiƙarka. Ta riƙe baki. Ta ce a sana'arku ba a fara saka sabon abu a kwamfutar manya. A kan 'yan kaɗan ake farawa, a ga ko zai ɓata wani abu, sannan a faɗaɗa. Wanda aka fara da shi zakaran gwajin dafi ne. Ashe abin da manyanka biyu ke kokawa a kai shi ne wa za a fara ɗura wa maganin da ba a gwada ba. In akwai wanda ka zalunta a ranar farko, mai gadi ne, shi kuma har murna yake taya mutane. Ta ƙara da cewa umarnin da zai tsayar da jama'a saboda kwamfuta ɗaya da ke kashe, gyara yake buƙata: ya tsallake ta, ya dawo mata daga baya. Na tabbata duk an koya maka wannan. Tsoro ne ya sa ka ajiye karatunka ka koma jera mutane.

Saboda haka ba zan faɗi sunan kowa ba. Rubuta tsarinka a takarda ɗaya, da maganar da kowa zai gane. A fara da taka da ta 'yan kaɗan da suka yarda a gwada da su. Sai jama'a gaba ɗaya, ba ruwan umarni da muƙamin kowa. Shugabanni su zo daga ƙarshe, bayan an tabbatar komai lafiya, kuma nasu a yi shi bayan an tashi aiki, su bar kwamfutocin a kunne su tafi gida. Da safe kowa ya tarar an gama, masinja ba shi da abin kallo. Ka kai wa Darakta, tunda takarda yake so, ya sa hannu. Wa ya fi wa tsakanin mataimakansa ba hukuncin yaron da ko tabbatarwa ba a yi masa ba ne. Kayan wani ka ɗauka, shi ya sa wuyanka ke ciwo. In suka koma jayayya a kan wa zai zama na ƙarshe, ka nuna musu ƙofar mai sa hannun.

Jan Biro kuma kada ka ɗauke ta muguwa. Ta ga surukin abokin aikinta riƙe da kwamfutar kowa, ta ga ya sa nasa a gaba, ta ga ya jinkirta tata. In ni ce a kujerarta, ni ma zan yi zargi. Je ka same ta ka faɗi gaskiya: ka ƙara layin jinkirin, kuskure ne, ka cire shi, ga sabon tsari da bai san dangin kowa ba. Kada ka ambaci fayil. Ɗora hannu da ta yi a kansa bai dace ba, wannan ban goyi bayanta ba ko kaɗan. In ta ci gaba da riƙe shi ba dalili, kowace ma'aikata tana da hanyar ƙorafi, ka bi ta da ƙafarka, kada ka bi ta wurin Baba.

Matarka ka sauke ta daga aikin isar da saƙo. Ba ita ta ja waya ba, ba ita ta rubuta umarni ba, amma ita ke kwana tsakanin uba da miji. Ka ba ta haƙuri, ka gaya mata daga yau maganar ofis tsakaninka da mahaifinta ce, in Mama ta kira su yi hirarsu ta uwa da 'ya.

Saura Baba. Ka rubuto mini dogon labari, amma ciwon yana cikin ɗan layin da ka wuce da sauri: shekara mai zuwa zai yi ritaya. Ɗana, mutum ne da ya yi shekaru ana ƙwanƙwasa masa ƙofa, a yi sallama, a nemi izini kafin a taɓa ko da biron teburinsa. Ya wayi gari an canza abu a duk ma'aikatar, har cikin ofishinsa, ba wanda ya shigo, ba wanda ya sanar da shi, a bakin mai gadi ya ji. Wanda ya yi hakan kuma yaron da ya kawo ne da hannunsa. Ba da niyya ba, ka nuna masa yadda wurin zai ci gaba da tafiya lafiya lau ranar da ba ya nan. Ko ka sa kwamfutarsa gaba da ta Darakta, wannan ba zai warke ba. Shi ma yana da nasa laifin, babba bai kamata ya huce a kan 'yarsa ba, amma ba kai za ka gaya masa ba.

Zumunta a ƙafa take. Ranar hutu mai zuwa ka je gidansa kai kaɗai, ka zauna a ƙasa. Kada kalmar lamba ta fito daga bakinka. Ka ce ka yi kuskure da ka canza abu ba ka zo ka sanar da shi ba. Sannan ka roƙe shi ya koya maka abin da ya sani kai ba ka sani ba, wato mutanen wurin nan: wa ake fara gaya wa magana, wane sashe ne ba a taɓa masa kaya lokacin rufe rahoto, wa ke fushi ya faɗa, wa ke fushi ya yi shiru. Ka saurara da gaske, don za ka buƙaci wannan bayan ya tafi. Zai iya yin shiru, zai iya yi maka faɗa. Faɗan ya fi, ka sunkuyar da kai ka shanye.

Daga nan, duk lokacin da umarninka ya gama aikinsa, ka tashi ka hau benen nan hannu rabbana, ka bi ofis-ofis ka yi sallama ka tambaya ko komai ya shiga lafiya. Lokacin da ka samu ya isa shan shayi ya isa gaisuwa. A 'yan watannin da suka rage wa Baba kuwa, ka riƙa ƙwanƙwasa ƙofarsa ko babu abin sakawa, ka jira sai ya ce ka shigo.

Allah ya tabbatar da kai a aikinka, ya sanyaya zuciyar dattijo, ya saka wa matarka da alheri.

Gwaggonku